Fata Tamu, Takalmi Na Wani

Ƴan'uwana makiyaya, da fataken dabbobi, da dillalai, da duk mai karanta wannan jarida tamu ko wanda ake karanta masa a rugga ko a rumfar kasuwa. Ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku. Kun saba jin muna magana a kan burtali da rijiyoyi da gonakin da ke cinye makiyaya. Yau kuwa zan yi magana ne a kan abin da ke ƙarƙashin ƙafarmu, wato takalmi. Na san wasu za su yi dariya, su ce sakatare ya rasa abin faɗi. To, ku yi haƙuri ku ji ni har ƙarshe, sa'an nan kowa ya yanke hukuncinsa.

Ranar wata kasuwar Dakoro ina zaune a rumfar dillalai muna jiran a gama cinikin wasu bijimai, sai idona ya sauka a ƙafafun mutanen da ke wurin. Mun kusa talatin, kuma babu wanda ba shi da garke, wani ma garkensa ba ya ƙirguwa a tsaye ɗaya. Amma da na duba, mutum uku kaɗai ke sanye da takalmin fata. Sauran duk roba ce, wata ta tsage an liƙe ta da wuƙar da aka sa a wuta, wata an ɗaure ta da waya. Da na taso zan tafi masallaci sai na bi ta bayan kwata, na tarar ana loda ƙiraga a babbar mota, an nufi kudu da su. Nan na tsaya na tambayi kaina: shin mu ne masu shanun nan ko kuwa masu gadinsu ne kawai? Fatar ta tafi, mu kuma an bar mu da roba.

Sa'ad da nake yaro abin ba haka yake ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, in an yanka sa ko wata saniya ta karye aka riske ta da wuƙa, ba ya barin ƙirgi ya kwana a ƙasa. Akwai majemin da muka gada tun kakanni, shi ake kai wa. A cikin ƙirgi ɗaya za a fitar da wasakin ɗiban ruwa, da igiya, da takalma na mutum biyu ko uku. Fatar akuya kuwa ta zama salka ko burgami, ta rago ta zama buzun salla. Majemi da baduku a biya su da nono ko man shanu ko ɗan akuya, kowa ya tashi da murna. Farin 1984 ya zo ya karya gidaje da yawa, ya watsa mutane cikin birane, zumuncin nan na makiyayi da baduku ya fara tsinkewa. Daga baya kayan roba suka cika kasuwa. Wasaki ya koma na tsohon tiyub ɗin mota, salka ta koma jarka, takalmi ya koma na roba.

Ni ma na bi yayi shekara da shekaru. Abin da ya dawo da ni shi ne ƙafata ta hagu. Tun ina saurayi wani bijimi ya taka ni a bakin rijiya, babban ɗan yatsan ya karkace, ya warke a haka. Duk takalmin kanti da na saya sai ya ci ni a wurin, in na sayi babba kuma ya riƙa fita a ɗaya ƙafar. Wata rana wani dattijo ya ga ina ɗingishi ya ce mini, “Malam, ai takalmi ake yi wa ƙafa, ba ƙafa ake yi wa takalmi ba.” Ya kwatanta mini rumfar wani tsohon baduku, na je.

Ina so in gaya muku yadda aikin nan yake, don samari da yawa ba su taɓa ganin an yi shi ba. Da na zauna, tsohon bai tambaye ni lambar da nake sawa ba. Sai ya ce in tuɓe tsohon takalmina in miƙo masa. Ya juya shi, ya dubi inda ya cinye, ya ce, “Ɗana, kana taka gefen waje da hagu, kuma kana jan diddige.” Gaskiya ya faɗa. Ya shimfiɗa kwali ya ce in tsaya a kai, tsaye sosai, don ƙafa takan buɗe in nauyin jiki ya sauka a kanta. Ya zana kowace ƙafa dabam, don ya ce babu mutumin da ƙafafunsa biyu suke daidai. Ya ɗauko zare ya auna bayan ƙafa da wajen yatsu, yana ƙulla shi a inda awon ya tsaya. Ya tambaye ni ko a yashi nake yawan tafiya ko a fako da tsakuwa, ko ina hawan raƙumi. Har ya ce gara a auna ƙafa da marece, don lokacin ta ɗan kumbura da tafiyar yini.

Daga nan ya jawo ƙirgi. Ya nuna mini cewa ƙirgi ɗaya ba duka ƙarfinsa ɗaya ba. Wajen gadon baya da ɗuwawu shi ne mai kauri da tauri, da shi ake yin ƙasan takalmi. Wajen ciki kuwa sako-sako ne, yana miƙewa, baduku na kirki ba ya sa shi a ƙasa. Ya yanka falle uku, ya jiƙa su, ya ɗora a kan icce ya yi ta bugu har suka daddale. Saman takalmin kuma ya yi shi da fatar akuya, ya yi mata shafi a ciki don kada ta ci ƙafa, ya bar wa karkataccen yatsana wurinsa. Ya huda da basilla, ya ɗinke da siririyar fata, ya nutsar da ɗinkin a cikin tsagi don kada ƙasa ta cinye shi. In sau-ciki ne, wato mai rufin ƙafa, sai an ja fatar a kan ƙafar icce ta kwana a kai har ta ɗauki siffa. Kwana shida na jira. Ranar da na sa shi, ya sa na yi tafiya a gabansa, ya karɓa ya ɗan sassauta maɗauri ɗaya, ya shafa masa mai, ya ce in je.

Yau shekara huɗu ke nan takalmin nan yana ƙafata. Na je Ingal da shi lokacin da dabbobi ke hawa shan gishiri, na sauka kudu da shi da rani. Sau biyu na mai da shi aka sake falle na ƙasa, saman kuwa yana nan. Ƙayar aduwa ba ta huda shi ba, yashin bazara bai ƙona ni ta cikinsa ba, fason diddigen da nake fama da shi ya ragu. Wanda ya taɓa bin garke da tsakar rana a watan bazara da takalmin roba ya san yadda yake ɗaukar zafi, ƙafa ta yi ta zufa har tsakanin yatsu ya saɓule.

Kafin fata ta kai hannun baduku akwai majemi, kuma shi ma kusan duk kayan aikinsa daga dajinmu suke. Yana jiƙa fata a ruwan toka har gashi ya saki, ya kankare, ya sa ta a ruwan fatakka ta yi laushi, sa'an nan ya tsoma ta a ruwan dakakkiyar bagaruwa, yana juyawa yana murzawa har jima ta ratsa ta. Jan launi daga karan dafi yake, baƙi kuma daga kuloko. Bagaruwar nan ita ce wadda awakinmu ke kiwo a gindinta a fadama. Ashe tun daga dabbar har maganin jimar babu abin da sai an yo odarsa daga ƙetare.

Kuma kada wani ya ɗauka sana'ar nan ƙarama ce. Ɗaruruwan shekaru ayarin raƙuma na ɗaukar jar fatar akuya daga Kano da Sakkwato da ƙasashenmu, su ƙetare Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka. Daga can take shiga Turai, shi ya sa Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, suna rufe manyan littattafansu da ita, alhali akuyarmu ce. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda ya yada zango a Agadas a 1850 ya isa Kano a 1851, ya rubuta cewa takalma na cikin manyan kayan da Kano ke fitarwa zuwa ƙasashe masu nisa. Jar akuyar Maraɗi har gobe masu sanin fata suna yabonta don laushi da ƙarfi, kuma saboda darajarta ne aka buɗe cibiyar kiwon awaki a Maraɗi tun farkon shekarun 1960. Muna da masana'antar jima ta SONITAN a Maraɗi, ta yi zamaninta ta rufe. Majema na nan a Damagaram da Gamkale a Yamai, dukawa na nan a Tawa da Agadas da ƙauyen masu sana'a na Wadata, kuma takalmin balka da suke yi ba ya jin kunyar shiga kowane taro. Gwanintar ba ta mutu ba, ciniki ne ya yi mata ƙaranci.

To, ina fatarmu ke zuwa? Ta awaki da tumaki yawancinta Kano take nufa, masana'antu su jeme ta da sinadari, a tura ta Italiya da Sifen da wasu ƙasashe. Can a yi takalmi da jaka da ita, a sayar da ƙafa ɗaya a kuɗin da ya fi na akuyar da aka feɗe. Ƙirgin shanu kuwa da yawansa ba ya ganin majemi sam, babbake shi ake yi a ci, shi ne ganda, wadda mutanen kudancin Nijeriya ke so ƙwarai. Ban ce haramun ba ne, abinci ne, kuma mahauci yana da ikon sayar wa wanda ya fi taya masa. Amma mu sani cewa duk ƙirgin da ya shiga tukunya, takalmi ne na mutum da yawa ya tafi.

Dogaro da kasuwa ɗaya kuma mun ɗanɗana ɗacinsa. Da Nijeriya ta rufe iyakarta daga watan Agusta na 2019 har Disamba na 2020, da kuma takunkumin da ya biyo bayan watan Yuli na 2023 har farkon 2024, na ga masu tara fata sun rasa inda za su kai ta, ƙwari na cin ta a ɗaka. Da a ce majemanmu da dukawanmu suna da ƙarfi, da wani kaso ya tsaya a gida ya zama aiki. Ku tuna kuma da maganar jaki. Da mutanen Sin suka buɗe baki ga fatarsa, kuɗin jaki ya haura har talaka ya kasa saya, sai da gwamnati ta hana fitar da jakuna a 2016, ƙungiyar Tarayyar Afirka kuma ta hana yanka su don fata a watan Fabrairu na 2024. Wannan ya isa ya nuna mana cewa fata dukiya ce, wasu sun sani, mu ne muke ɗaukarta kamar shara.

Yanzu bari in juyo kanmu, don gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Tsohon badukun nan ya ɗaga wani ƙirgi ya nuna mini a rana, ya ce, “Dubi aikinku.” Tambarin wuta ne ƙato a tsakiyar haƙarƙari, wani kuma a ɗuwawu, daidai inda fata ta fi kyau. Wurin da wuta ta ci ba ya jemuwa, karyewa yake yi. Ban ce a bar sa alama ba, don da ita muke gane dabbarmu in ta ɓace ko an sace ta. Amma me zai hana a yi ta ƙarama, a ƙasan cinya ko a kumatu, inda ba ta ɓata komai? Ga kuma sawun bulala da na tsinin sanda da yara ke yi wa dabba a hanyar kasuwa. Ga ramukan kaska, ga kircin da ake bari ya ci bayan saniya ba a kira likitan dabbobi ba. Duk waɗannan suna fitowa a fata bayan jima kamar rubutu a allo.

Sai kuma fiɗa. Mai gaggawa ya ɗauki wuƙa mai tsini ya yi ta yanka, fata ta fito da huda biyar ko shida. Fiɗar kirki da wuƙa mai lanƙwasar baki ake yi, akuya da tunkiya kuwa hannu ya fi wuƙa aiki. Bayan fiɗa a kankare nama da kitse, a wanke jini, a sa gishiri ko a ɗaure ta a inuwa inda iska ke ratsa ta gaba da baya. Wanda ya shimfiɗa ta a kan yashi cikin rana tsaka, waje ya bushe ciki ya ruɓe, ranar da ta shiga ruwan majemi sai ta narke. In mai saye ya taya irin wannan da wulakanci, kada mu ce an cuce mu.

Na san abin da za a ce mini, don an sha faɗa mini a taro. Na farko, takalmin fata tsada. Gaskiya ne, nawa ya ci kuɗin na roba biyar ko shida. Amma a da ina kashe na roba uku a shekara, wani lokaci huɗu. Ku yi lissafin shekara huɗu da kanku. Wahalar ita ce fitar da kuɗin a tashi ɗaya, to, ranar da ka sayar da sa, ranar ce ta zuwa wurin baduku, kafin kuɗin su narke a shayi da kati na waya. Na biyu, ana cewa fata ba ta son ruwa. Wannan ma gaskiya ne, ba zan yi gardama ba. Da damina, a cikin laka ko bakin tabki, roba ta fi, ni ma ina da nawa na wannan lokaci. Amma damina a ƙasarmu wata uku ce ko huɗu, sauran watanni fa? Na uku, ana cewa dukawan yanzu ba su da amana, suna cusa kwali a tsakanin fata, su liƙe da gam, su yi ɗinkin ƙarya a sama. Akwai masu yin haka, ni ma an taɓa yi mini. Sai dai mu tambayi kanmu wa ya koya musu. In ka taya aikin kwana shida da kuɗin aikin yini ɗaya, aikin yini ɗaya za a ba ka. Araha ba ta ado.

Akwai kuma wata magana mai nauyi da ba a cika son faɗi ba. Da yawa daga cikinmu muna raina majemi da baduku, muna cewa sana'ar wari ce, ba ma son ƴaƴanmu su kusance ta. Amma ga samarinmu da fari ko ɓarayin shanu suka raba da garke, suna zaune a tasha ba aikin fari ba na baƙi, wasu sun tafi haƙar zinariya ba su dawo ba. Yaron da ya tashi a cikin shanu ya riga ya san fata tun tana jikin dabba. Wane ne ya fi shi dacewa da wannan aiki? Tsohon da ya yi mini takalmi ya haura shekara saba'in, ƴaƴansa duk sun koma kabu-kabu, babu mai karɓar basillarsa. In ya tafi, ilimin nan ya tafi da shi. Wari kuwa sabulu na wanke shi, zaman banza ne ba ya wankuwa.

Saboda haka ga shawarwarin da nake so rassanmu su tattauna a taronsu na gaba.

Na ɗaya, kowane reshe ya kira mahauta da majema da dukawan yankinsa a zauna tare, su nuna mana da hannunsu inda ya kamata a sa tambari da yadda ake fiɗa da shanya. Wannan ba ya bukatar kuɗin wani mai ba da agaji, tabarma da shayi sun isa.

Na biyu, maganar fatun layya. Malamai sun gaya mana ba a sayar da fatar layya, ba a kuma biyan mai fiɗa da ita, amma mutum yana iya amfani da ita ko ya ba da ita sadaka. To, maimakon a bar ta ta ruɓe a bayan gida, reshe ya tanadi gishiri tun kafin salla, a gyara ta, wanda ke so a jeme masa ya biya ladan jima, a yi wa yaransa takalmi ko a yi wa tsoho buzu.

Na uku, mu riƙa haɗa oda. In mutum ashirin suka je wa baduku tare, aka auna kowa, aka ba da rabin kuɗi, zai iya sayen ƙirgi mai kyau ya ɗauki yaro mai taya shi, farashi kuma ya sauko. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na huɗu, kowane reshe ya nemi saurayi ɗaya ko biyu daga gidajen da suka rasa dabbobi, a kai su koyo wurin gwani, ƙungiya ta ɗauki cinsu har su iya. Mata ma kada a bar su a baya, don a wajen Buzaye mata ne gwanayen aikin fata tun asali.

Na biyar, ina kira ga hukuma. Dokar kiwo ta 2010 ta amince da haƙƙinmu na yawo da dabbobi, mun gode. Amma kiwo ba ya ƙarewa a nama da nono. In za a sayi takalma da ɗamara da jakunkuna na ma'aikatan gwamnati, a ware wani kaso a ba masu sana'ar gida. A taimaka wa majema da ruwa da wurin zubar da ƙazantar aiki, a kuma kare itatuwan bagaruwa daga masu gatari.

Ku kuma ƴan'uwana fatake da dillalai, ku ne idon kasuwa, abin da kuka sa shi samari ke kwaikwayo. Mutumin da ke juya miliyoyin sefa a kan shanu bai kamata a gan shi da silifa mai tsinkakken hanci ba. Ranar kasuwa mai zuwa, in an gama ciniki an tafa, ka ɗauki tsohon takalminka ka nufi rumfar dukawa, ka tsaya a kan kwali a zana ƙafarka. In ya ci ka, ka zo ka same ni a ofishin reshe ka faɗa mini a gaban jama'a.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mana dabbobinmu daga cuta da ɓarayi, ya sa albarka a sana'ar kowa. Wanda ke da wata shawara ko yake ganin na yi kuskure, shafin nan a buɗe yake, ya rubuto ko ya sa a rubuta masa.

Wassalam. Naku, sakataren reshe, daga Dakoro.